Latas a Cikin Tsofaffin Tayoyi

Auta na cusa rigunan mahaifinta cikin jaka, shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa ya juya mata ƙeya. Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da tsohon direban, ya bar masa hannun dama a lanƙwashe. Mutumin da ya yi shekara talatin yana murza sitiyarin bas, yau maɓallin riga ya gagare shi. Ita da yayanta sun riga sun yanke magana: Baba ba zai ci gaba da zama shi kaɗai ba, gidanta zai koma, can hawa na uku.

"Baba, takalman nan fa, a tafi da su?"

"Ni kike tambaya? Ai na ɗauka ni ma ninke ni za ki yi ki sa a jakar."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tausayinsa take ji, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

Da ta gama sai ta neme shi ta rasa. A bayan gida ta same shi, ya dogara da sanda yana kallon tsofaffin tayoyi shida da aka cika da ƙasa. Latas ne a ciki, kore shar, ganye ya baje har yana leƙowa waje. Maƙwabcinsa mai gyaran famfo ne ya ba shi irin ya kuma jera masa tayoyin, Baba kuma kullum da safe yana ba su ruwa da buta.

"Kai, Baba, ashe noma ka koma! Bari in tuge mu tafi da shi, kada ya bushe a banza."

Kafin ya buɗe baki ta finciko guda, har da saiwa.

"Ke! Kin kashe shi!" Muryar da yake tsawata wa fasinja ce ta dawo. "Wa ya ce miki tugewa ake yi? Wannan ba ya dunƙulewa kamar kabeji. Na gefe ake tsinka, a bar na tsakiya, bayan sati ya sake fitowa. Matsa, ki ga yadda ake yi. Karatun banza!"

Ya sunkuya. Hannun hagu na riƙe da sanda, don haka na daman ya miƙa, faɗa ya ɗauke masa hankali. Yatsun suka kama ganye da ƙyar. Ganyen farko ya yage biyu. Ya yi tsaki, ya kai babban yatsa da manuni can gindin na biyu, ya matse, ya tsinke shi tsaf.

Auta ta daskare. Wata da watanni likita na fama da shi ya ɗauki ƙwayar wake da yatsun nan, Baba na ƙi, yana cewa shi ba yaro ba ne. Ta tara hannu biyu.

"Ban gani da kyau ba, Baba. Sake."

Ya sake, yana mita. Uku, huɗu, bakwai.

"Ƙara mana, wannan ba zai ishe mu ba."

"Ke da rundunar wa za ku ci?"

A ganye na goma ya tsaya. Ya dubi hannun, ya juya shi. Gumi na bin wuyansa. Ita kuwa ta kau da kai, don ta san halinsa, yabo ɗaya zai sa ya fasa.

Ta juye ganyen a roba, ta koma gefe ta kira yayanta.

"Yaya, ba yau za mu taho ba. A'a, lafiya lau. Zan riƙa biyowa kullum in na tashi daga aiki. Mu ƙara masa wata guda mu gani."

"Ce masa biyu," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Na tayar ƙarshe bai ma isa tsinka ba."