Notin da Baba Abednego Ya Ɗaure

Milka ta ɗauki alkawari ba za ta sake jin kukan babanta a hanyar Fadan Kaje ba. Watan jiya da ta kai shi ganin gida, shokan gaban tsohuwar motarsa, abin da ke rage girgizar hanya, ya mutu murus, duk ramin da suka faɗa sai ƙugunsa da aka yi wa aiki ya amsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja bai taɓa cewa wash ba, ran nan har da hawaye. Ga shi gobe ake sujadar godiyar kaka a majami'ar ƙauyensu, shi kuma ya kafe sai ya kai buhun cittarsa gaban bagadi da kansa, don bai san ko zai ga ta baɗi ba.

Makanikinsu ya tafi biki Kajuru. Milka kuwa 'yar direba ce, baƙin mai ba baƙonta ba ne. Ta sayo sabon shoka a kasuwar Kafanchan, ta ɗaga motar a tsakar gida, ta ciro tsohon, ta matse sifirin da ke naɗe a jikinsa da abin matsewa da ta aro. Saura noti ɗaya tak, na can sama, amma ya ce atafau.

Ta zuba masa man birki, ta jira, ta sa sifana. Sai notin ya juya tare da sandar shokan, kamar jaki na zagaye turke. Ta ƙara wa sifana bututu, a banza. Haushi ya kama ta, ta goge wurin ta duba da kyau, sai ga kan sandar a daddake, ya baje ya rufe notin.

"Wane mugun ne ya yi wannan?"

Baba Abednego na kan kujera a gindin mangwaro, ya gyara zama. "Ni ne, da guduma. Hanyar Zonkwa yana kwance noti, yarinya. Nawa bai taɓa kwance ba."

Ji tsoho, har da alfahari!

"To Baba, yau zai kwance."

Ta ɗauko magagari ta hau gurzar ƙarfen, rana na dukan ƙeyarta, har tafinta ya yi bororo. Da bakin ya daidaita, sai ya rage wanda zai riƙe sandar kada ta juya, gidan kuwa daga ita sai shi. Ta tura kujerarsa kusa, ta damƙa masa filaya. Hannun da ko kofin shayi sai ya zubar, yana jin ƙarfe ya daina rawa.

"Ja, Milka. Kar ka ji tausayina."

Ta cije leɓe ta ja da duk ƙarfinta. Notin ya yi ƙara, ya saki. Tsoho ya dube shi kamar an ci amanarsa. Kafin magariba Milka ta ɗaura sabon shokan.

Washegari suka kama hanya, buhun citta a but ɗin motar. Da suka doshi babban ramin nan na bayan gada, Milka ta ƙanƙame sitiyari. Motar ta shiga ta fita lumui. Ta kasa kunne, ba ta ji komai ba, shirun ya tsorata ta.

"Baba?"

Ta waiga da sauri. Kansa na jingine da gilashi, hular zuwa coci ta karkace, yana ta minshari abinsa.