Huhu Biyu a Gidan Buraima

Da tsohon mai ɗaurin goron gidan Buraima ya ce gwiwa ta gaza, zai koma Salaga ya huta, Musah har ya fara gyara zaman hularsa. Wa zai gaji aikin in ba shi ba? Tun jirgin ƙasa bai iso Kumasi ba yake jiƙa ganye a gidan nan, ga shi kuma ƙanin uwargida Mamuna.

Kwatsam sai ga wani Bazabarme, Boukari, ya sauka Zango, ya ce shi ma ɗaurin goro ne sana'arsa. Buraima kuwa ya ba shi tabarma ya saurare shi! Nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce na gida ai na gida ne, wasu suka ce goron da zai hau jirgi zuwa Ikko bai san suruki ba.

Buraima ya yanke magana. Kowa ya ɗaura huhu guda, a ajiye a ɗakin goro sai wata ya kama. Inna Hajo, tsohuwar da ke tsince goron gidan, ita za ta ɗanɗana ta zaɓa, ba tare da ta san na wane ne ba.

Musah ya ji haushi ƙwarai, amma ranar ajiya haushin ya wuce. Yana kallo Boukari ya jingina huhunsa da bangon gabas. To, bayan bangon nan murhun Mamuna yake, inda koko ke tafasa tun safe. Ko kajin gidan sun san goron da ya kwana a wurin yanƙwanewa yake. Baƙo ina zai sani? Musah ya kau da kai, ransa fari ƙal.

Bakinsa ne ya ja masa. Ya je yana yi wa yayarsa raɗa, yana murmushi. Mamuna ta yi dariya har ta saki ludayi.

"Ashe murhuna ne zai ci gasar," in ji ta. "Sai a ba shi aikin, kai ka ci gaba da jiƙa masa ganye."

Maganar ta soke shi. Ya fita yana ƙunƙuni, ya jawo Boukari ta hannun riga, ya ɗora masa tafi a bangon. Zafi rau. Suka kinkimi huhun tare zuwa lungun da ya fi sanyi, kusa da na Musah. Boukari ya shiga godiya, Musah ya ce ya riƙe abarsa.

Watan nan Musah ya rame. Ya zagi kansa, ya zagi koko.

Ranar buɗewa Buraima da kansa ya kwance huhunan, saboda Inna Hajo ta san ƙullin Musah ko a mafarki. Aka kawo mata goro a ƙwarya biyu. Ta ɓare na farko, ya yi ƙas. Na biyu ma ƙas. Ta tauna wannan, ta tauna wancan, ta kurkure baki, ta sake. Mutane har sun fara zargin goron banza take ci. Daga bisani ta dafa ƙwaryar hagu, ta ce duka sun yi, amma wannan ya fi riƙe ruwa.

Ta Musah ce.

Boukari ne ya fara miƙa masa hannu. Buraima kuwa ya tsaya yana kallon surukin nasa, kamar yau ya sauka gidan.

"Musah, ashe ka iya?" ya ce. "Wallahi shekarun nan duk na ɗauka don yayarka nake riƙe da kai."

Aka fashe da dariya. Musah ma ya yi, amma sai da ya goge ido da bakin riga.