Shafi Huɗu na Laure

A shekarar 1991 Malama Ramatu tana koyarwa a firamare a Karaye. Kowace Asabar takan shiga mota zuwa Rogo, ta koya wa 'yan matan da suka bar makaranta rubuta labari, kyauta.

Wata Asabar Laure, mai soya ƙuli-ƙuli daga Gwangwan, ta miƙo mata labari shafi huɗu da ajami. Ramatu ta duba, ta kasa karanta rubutun, don babu wasali. A mota ta fito da takardun ta mayar sau biyar.

Tana sauka ta wuce gidan kawunta, Malam Ƙasimu, aka ce yana gona. Ta bi shi can. Ya ajiye fartanya ya karanta mata a tsaye. Labarin wata tsohuwa ne da saniyarta ta ɓace ranar kasuwa, ta bi sawunta har bakin rafi. Nan rubutun ya tsaya.

"Ina sauran?" in ji shi.

"Sai Asabar, Kawu."

Amma ta kasa jira. Washegari ta hau acaɓa zuwa Gwangwan, ta tarar da Laure a gaban kasko. Bayan sun gaisa ta ce, "Laure, tsohuwar ta ga saniyar?"

"Malama, takarda ce ta ƙare mini."

Ramatu ta ba ta littafin darasinta, ta karɓi matsamin, ta ci gaba da suyar. Laure ta goge hannu ta zauna rubutu.