Wane Ne An?

Kwantiragin Injiniya ya ƙare, sabo kuma ya ƙi leƙowa. Shi aikinsa haɗa ɗakunan sanyi ne, irin waɗanda asibitoci ke ajiye jini da allurar rigakafi. Kamfani ya ɗauke shi na ɗan lokaci, ya gama, ya ƙara gaba. Wannan karon gaban ne ya toshe. Yayansa ya ce in wata ya mutu ya zo ya kama zama a shagonsa na tayoyi. Bai raina shagon ba, amma da ya tuna zai rataye kayan aikinsa ya koma mirgina taya, sai ransa ya ɓaci.

Wani abokin aikinsa ya sa shi buɗe shafi a dandalin intanet inda masu nema wa kamfanoni ma'aikata ke farautar ƙwararru. Ya buɗe, ya cike, ya zauna jira. Ko sallama ba wanda ya yi masa.

Ran Asabar da hantsi matarsa, Malama, ta ture littattafan 'yan ajinta gefe, ta jawo kwamfutarsa, ta karanta shafin a fili.

"An haɗa ɗakin sanyi a babban asibiti. An gyara ma'ajiyar rigakafi. An horar da ma'aikata." Ta sauke tabarau. "Injiniya, wane ne An?"

"Wane An kuma?"

"Wannan bawan Allah mai ƙoƙari. Da ni ce mai kamfani, shi zan nema, ba kai ba. Shi ne a hoton nan? Ƙofar firji nake gani da gwiwar hannun mutum."

Ya haɗe rai. A gidan da ya tashi, yabon kai rashin kunya ne. Mahaifinsu ko rijiya ya haƙa da hannunsa, sai dai ya ce an samu ruwa.

"So kike in yi ta na yi, na yi, kamar mai neman ƙuri'a?"

"Ranar da injin ma'ajiyar jini ya tsaya, wa ya ture abinci ya fita da gudu?"

"Ni."

"Wa ya dawo yatsunsa a ƙage don sanyi?"

"Ni."

"To ina ƙaryar take?"

Ya jawo kwamfutar gabansa. Ya goge An na farko, ya rubuta Na, gumi na tsatstsafo masa kamar mai ɗaukar buhu. Na biyu ya zo da sauƙi. Kafin azahar hannu ya sake, har Malama ta ce ya rage wa An ɗan wani abu, kada ya tashi a tutar babu. Ta tsayar da shi jikin labule, ta gyara masa wuyan riga, ta ɗauke shi hoto da fuska sukutum.

Ana saura kaɗan wata ya mutu, wata mata mai ɗaukar ma'aikata ta kira shi ta bidiyo. Kamfanin magunguna ne ke son sababbin ɗakunan sanyi.

"Na babban asibitin nan, wa ya tsara shi?"

Bakinsa ya buɗe. "An..."

Malama ta yi tari daga kicin, tarin da ba na mura ba.

"Ni na tsara shi," in ji Injiniya, "ni kuma na haɗa shi, tun daga bututu har ma'aunin sanyi."

Da ya sa hannu a sabon kwantiragi, bai zame ko'ina ba sai shagon tayoyi. Bai taɓa ce wa yayansa a'a ba.

"Yaya, a yi min afuwa. Na samu aiki."

"Wa ya yi maka hanya?"

"Ba kowa, Yaya. Su suka neme ni."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. Sai ya kama hannunsa, ya ja shi bakin titi, ya ɗaga wa maƙwabtan shago murya.

"Ku zo ku ga ƙanena. Kamfani ne ya biyo shi har falo yana roƙo."