Ruwan da Aka Zuba a Bayan Nayiri

Tun suna amare Zaruhi da maƙwabciyarta Donka suke gardama a kan abu ɗaya, wato inda ake zuba wa matafiyi ruwa. Donka 'yar Bulgeriya ce gaba da baya, ita a gaban mutum take kwara ruwan, ya taka ya wuce, don hanya ta miƙe masa. Zaruhi kuwa, ko da yake a nan garin Plovdiv na Bulgeriya aka haife ta, jinin Armeniyawa ce. Su sai mutum ya juya baya suke zubawa, don ya je ya dawo.

"Ku dai so kuke mutum ya zame ya karye tun a ƙofar gida," in ji Zaruhi.

"Ku kuma ku jiƙa masa diddige, ku ce addu'a ce," in ji Donka.

Amma ga Zaruhi abin ya wuce wasa. Mahaifiyarta tana ƙarama aka gudo da ita daga garinsu, lokacin da aka far wa Armeniyawa. Ranar da suka fito, babu wanda ya rage a unguwar balle ya zuba musu ruwa a baya, kuma babu wanda ya koma. Mutanen wannan layin ne suka ba su ɗaki da bargo, har suka zama 'yan gari.

To, ga shi jikarta Nayiri, ita kaɗai da ta rage mata a gida, ta sami aikin koyar da harshen Bulgeriya a Yerevan, babban birnin ƙasar Armeniyawa, cikin musayar malamai da ƙasashen biyu suka shirya. Zaruhi ta yi murna, ta kuma ji tsoro. Tun ciwon bara hannunta na dama ya shanye, na hagu kuma rawa yake. Idan ba ta zuba ruwan nan ba, a ranta yarinyar ta tafi ke nan. Ta roƙi Donka? Ina! Wannan ai a gaba za ta kwara, ta kuma yi mata dariya.

Ranar tafiya da safe mota ta tsaya a bakin layi. Sai ga Donka da ƙunshin banitsa, gurasarsu mai cuku, da zafinta, da kwanonta cike da ruwa.

"Kaka, ki bar butar nan, ta fi ki nauyi," Nayiri ta ce.

"Ja can, ni na yi wa uwarki wanka da ita."

Ta cicciɓi tsohuwar butar tagulla da hagu. Ko taku biyu ba ta yi ba ta suɓuce, ruwan ya ƙare a kan takalmanta. Direba ya danna oda. Zaruhi ta tsaya tana kallon ƙasa cikin kunya da baƙin ciki.

"Wuce, yarinya," Donka ta ce.

"Gwaggo Donka, ba ki zuba ba."

"Na ce wuce. Kada ki waiwayo."

Nayiri ta rungume kakarta, ta ja akwatinta a kan busasshiyar ƙasa. Sai Donka ta kamo hannun Zaruhi mai rawa, ta ɗora a gindin kwanon, ta tallafe shi da nata. Suka karkata kwanon tare. Ruwan ya gangara ta tsakanin duwatsun layi, ya bi bayan yarinyar.

Da motar ta sha kwana, Zaruhi ta ce, "A baya fa kika zuba."

"Ke kika zuba, ni kwano kawai na riƙe." Donka ta goge hannunta a gefen siket. "Ɗana Plamen a gaba na zuba masa. Hanya ta miƙe masa sosai. Kin ga ya dawo?"

Zaruhi ta kamo hannun Donka, ta riƙe gam, ta ƙi saki.

"Na gode, Donka. Ranar da za mu fita daga garinmu ke muka rasa."

"Ba a ma haife ki ba ranar, tsohuwa. Shiga ki cire takalman nan kafin sanyi ya kama ki."