Katangar da Ta Tare Iskar Tela

"Ƙara layin bulo," in ji Direba.

Magini ya leƙo daga saman katanga. "Maigida, in na ƙara, iska ba za ta sake shiga gidan Tela ba fa."

"Iskar gadon ubansa ce?"

Lokacin da maƙwabcinsa Tela ya gina gida a karkace, ya ba rana baya, ya ƙi sare mangwaron da ya tarar, ya sa tagogi suna kallon juna, Direba ya fi kowa dariya. Shi bene ya tayar, gaban duk gilashi, yana fuskantar yamma. Da rana ta karkata falon ya zama tanda, sai matarsa da yara su sulale gidan Tela. Har mahaifiyarsa ta ce, "Can ne gida, ɗan nan. Naka kwalba ce." Maganar ta tsaya masa a wuya kamar ƙaya.

Katanga ta tashi. Ba a jima ba ciwon ƙirji ya kwantar da Tela.

Direba ya shiga dubiya don kada a ce bai je ba. Labule a tsaye, ko motsi. Matar Tela na yi masa fifita da kwali, gumi na bin wuyanta.

"Maƙwabci," Tela ya ce da ƙyar, yana murmushi, "mun yi kunnen doki. Ni ma ga ni ina gasuwa."

"Ka sayi fanka mana."

"Fanka ba ta zuwa da ƙamshin mangwaro."

Direba ya waiga. Mahaifiyarsa na zaune a gefen gado da kofin ruwa. Autarsa na matsa wa Tela ƙafa.

"Inna, ku taso. Nan ma ai zafin ne."

"Je ka, muna nan," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari da hantsi Direba ya jingina tsani a katangar, ya hau da guduma. Bulo na farko bai gama faɗuwa ba ya ji salati daga ɗakin Tela, sai kuka. Ya gane muryar autarsa a ciki. Ya ci gaba da dukan katangar har hannunsa ya yi bororo.

Ta giɓin da ya fasa yana hango tagar. Labulen ya kumbura, ya ɗaga, ya shafi kwalin da aka ajiye a bakin gado.