Yatsan Illo

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, Illo ya sami aikin planto, wato ɗan aike, a wani biro, ofishin gwamnati a Yamai, aka ba shi baƙin keke don kai takardu. Mutumin Tawa ne, yana zaune a unguwar Bukoki da matarsa Kande. Kowace safiya yakan danna ƙafafun keken da babban yatsa kafin ya hau. Ta baya yana son ta da tauri, don ita ke ɗauke da shi da jakar takardu. Ta gaba yakan bar ta da ɗan laushi saboda yashin unguwa. In bazara ta yi sai ya rage iskar kaɗan, kada rana ta kumbura ta.

A bazarar shekararsa ta uku, ƙafar baya ta fashe sau biyu cikin wata guda. Ya tura keken zuwa rumfar abokinsa Sumana, Bazabarme mai gyaran kekuna a bakin kasuwa. Sumana ya taɓa ƙafar gaba, ya ɗago kai.

"Wa ya sa wa wannan iska? Kamar dutse take."

"Ni ne. Na danna, na ji ta daidai."

Sumana bai yi dariya ba. Ya liƙe ta bayan, ya cika ta, ya sauke rabin iskar ta gaba. "Rufe ido, Illo. Danna duka biyun. Wacce ta fi tauri?"

Illo ya danna, ya sake dannawa. Ya daɗe a tsugune. Da ya buɗe ido sai ya ga Sumana na kallon bayan hannunsa, inda ƙunar garwashi ta yi bororo. Bai san ma yaushe ya ƙone ba.

"Je wurin likita," in ji Sumana a hankali. "Kawuna a Gudel haka nasa ya fara."

Illo bai je ba. Ya faɗa wa Kande kawai. Daga ranar ita ke dannawa, shi yana buga famfo. "Ya isa, maigida," takan ce, murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Wata huɗu suka yi haka, ƙafa ba ta sake fashewa ba.

Amma farin tabo ya fito masa a kunci, ba yadda za a ɓoye. Dole ya je asibiti. Likita ya soka masa allura a yatsa, bai motsa ba. Ya ce kuturta ce, akwai magani, sai dai na shekaru ne, kuma abin da ya riga ya mutu ba zai dawo ba. Shugaban biro ya yi masa jaje daga nesa, ya ce aiki ya ƙare, ya jingine keken a bakin ƙofa. Aka sa wani ya wanke hannun keken da sabulu, Illo yana tsaye yana gani.

Da ƙafa ya koma Bukoki. Da rana Kande ta kawo tuwo, ya ce ta zuba masa a kwano daban, ta riƙa ajiye shi can gefe. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta wanke hannu, ta zauna, ta sa hannun cikin kwanonsa. Illo ya juya fuska ga bango, ya kasa ci.